Yaron ƙanwata ya shekara 7 bai ƙetare ƙofar gida ba, ina mafita?

Gwaggon_Yara:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai abin da ya daɗe yana ci mani tuwo a ƙwarya, yau na ce bari in kawo shi gabanku. Ƙanwata tana aure nan cikin birnin Katsina, wajen Ƙofar Marusa, tana da yaro ɗan shekara 7. Wurin haihuwarshi ta yi doguwar naƙuda, da ya faɗo bai yi kuka da wuri ba, kafin suna kuma shawara ta kama shi har idanunshi suka koma ruwan ɗorawa. Yau ga shi ba ya tafiya, wuyanshi bai tsaya sosai ba, hannun dama a dunƙule, magana sai kalma ɗai-ɗai. Amma wallahi ya san kowa. In na yi sallama tun daga zaure yake fara dariya yana buga ƙafa a tabarma.

Duk shekarun nan, in ba asibiti ba, bai taɓa ƙetare ƙofar gida ba. In baƙi sun zo sai a ja labule. Uwar ta daina zuwa biki, ta daina zuwa suna, islamiyya ma ta bari, don ba mai riƙe mata shi.

Yanzu gida ya rabu uku. Kakarshi ta wajen uba ta ce iska ce, a kai shi ƙauye wurin mai magani. Uban ya ce a nemi wani gida na gwamnati inda ake ajiye irin waɗannan yara. Wata maƙwabciya kuma, da zuciya ɗaya ta faɗa, ta ce a riƙa sa shi a baro ranar Juma'a ana kai shi bakin masallaci, ko ba komai ya samo kuɗin maganinshi. Ni ko ɗaya bai kwanta mani ba. Shin kai shi wani wuri ya fi, ko akwai abin da mu da unguwa za mu iya yi mashi yana gida?

Ɗan_Gobarau:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya, ya ba uwar ladan haƙuri. Maganar baro dai don girman Allah a bar ta.

Mai_Gashi_KT:
Hajiya, ni aikina ke nan, gashin ƙashi, kuma da wuya mako ya wuce ba a kawo mana irin yaron nan ba. Daga bayaninki, abin ya yi kama da raunin da ke samun ƙwaƙwalwar jariri idan ta rasa iskar numfashi lokacin haihuwa, ko shawara ta yi tsanani ba a sa shi a fitilar asibiti da wuri ba. Sai an duba shi kafin a yanke hukunci. Amma ki riƙe wannan: raunin da ke ƙwaƙwalwar ba ya ƙaruwa, kuma ba a ɗaukarsa. Abin da ke ƙaruwa shi ne sandarewar gaɓoɓi. Yaron da ke wuni kwance a gefe guda, jijiyoyin gwiwa da na ƙugu suna ɗaurewa, bayan 'yan shekaru ko zaunar da shi ya gagara. Babu allura ko turaren da zai maido da abin da ya taɓu, amma akwai abubuwa da yawa da yaro zai iya koya.

Ku kai shi sashen gashi, akwai a Asibitin Koyarwa na Tarayya nan Katsina. Sai dai ki yi lissafi: mako guda awa 168 ne. Ko kowane mako kuka zo, awa 1 za mu yi da shi. Sauran 167 ɗin a hannun uwa da 'yan gida yake. Shi ya sa tun bayan taron lafiya na duniya da aka yi a birnin Alma-Ata a 1978 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara yaɗa tsarin da ake kira CBR, wato a kula da mai naƙasa a cikin gidansu da unguwarsu, da kayan da ake da su, ƙwararru suna koya wa 'yan gida suna bibiya. Littattafan jagoran tsarin ma a Abuja aka ƙaddamar da su a 2010. Kuma ba lafiya kaɗai ya ƙunsa ba, har da karatu, da sana'a, da shiga jama'a, da mutum ya sami bakin magana a kan abin da ya shafe shi.

Bakatsinen_Asali:
Likita, bayaninki ya yi daɗin ji, amma a takarda. Wa zai riƙa zuwa gidan yana bibiyar? Wa zai biya shi? Uban yaron nan ƙila da ƙyar yake kawo cefane. Ni ban ga laifinshi ba da ya ce a kai shi inda gwamnati za ta ɗauki nauyi. Duk lokacin da aka ce "al'umma ta yi", ni abin da nake ji shi ne hukuma ta zare hannunta ta bar talaka da kayanshi.

Mai_Walda_ƘofarƘaura:
Ni gurgu ne, shan inna ta same ni ina ɗan shekara 3. Bari in ba Hajiya labarin abin da ya fitar da ni.

Babana, Allah ya jiƙanshi, bai yi boko ba, bai taɓa jin wani CBR ba. Abin da ya yi, kullum da safe yayana zai goya ni zuwa makarantar allo tare da sauran yara, in an tashi a zaunar da ni kan dakalin ƙofar gida. Yaran unguwa suka saba da ni har suka daina kallon ƙafata. In ana ƙwallo ni ne gola. Da na kai shekara 14 ya kai ni wurin wani mai walda. Ranar farko maigidan ya dube ni, ya dubi bencin aiki, sai ya ɗauko zarto ya rage ƙafafun bencin ya zo daidai da ni ina zaune a ƙasa. Har gobe in na tuna wannan sai in yi mashi addu'a. Yau yara 4 ke koyo a hannuna, 2 guragu ne, kuma keken da nake hawa ni na haɗa abina da bututun ƙarfe da sarkar keke da taya uku.

Malam Bakatsine, gaskiya kake faɗa cewa hukuma na da haƙƙi a wuyanta. Amma in da babana ya zauna jiran hukuma, da yanzu ina bakin kasuwa da ƙoƙo. Kuma ka duba irin taimakon da ake kawowa: a tara mu a rana, a raba keke, a ɗauki hoto. Sau da yawa keken asibiti ne mai siraran ƙafafu, wanda aka yi don daɓen siminti. Ka shiga da shi rairayin lungunanmu, kafin wata 2 ya lalace, kuma ba kayan gyaranshi a kasuwa. Ba wanda ya auna mai hawan, ba wanda ya tambaye shi inda yake zuwa.

Gwaggon_Yara:
Allahu akbar. Malam mai walda, labarin bencin nan ya sa ni hawaye. Amma kai hannuwanka lafiya lau, bakinka yana magana. Shi namu ko zama ba ya iyawa shi kaɗai. Likita, me za a fara da shi a gida, a aikace?

Mai_Gashi_KT:
A fara da zama. Ku sami kafinta ya yi masa kujera mai kusurwa, wato katako biyu su haɗu a bayansa kamar lungun ɗaki, a sa soso, a kafa ɗan guntun katako da aka naɗe da tsumma tsakanin cinyoyinsa don kada ya zame, tafin ƙafa ya taka ƙasa ko wani abu, a yi masa ɗan faifan katako a gaba kamar teburi. Kafin a samu, ko lungun ɗaki da matasan kai ya wadatar. Yaron da ke zaune yana ganin fuskokin mutane, wanda ke kwance rufin ɗaki kawai yake kallo.

Abinci kuma kada a ba shi yana kwance ko kansa ya karkata baya, nan ne yake ƙwarewa abinci ya bi hanyar numfashi, ciwon haƙarƙari ya biyo baya. A zaune, haɓa ta ɗan sunkuya, loma ƙanana, kunu mai ɗan kauri ya fi mai ruwa-ruwa sauƙin haɗiya ga yawancinsu. A naɗe hannun cokali da tsumma ko robar tayar keke ya yi kauri, ya fara gwada riƙewa da hannun da ya fi ƙarfi. Miƙa gaɓoɓi kuwa sai an nuna wa uwar hannu da hannu, a hankali ake yi, ba a fizga. In yana farfaɗiya ku faɗa wa likita, akwai magani, kuma ba a daina shi kwatsam.

Almajirin_Masanawa:
Ina so in yi magana kan kakar yaron. Kada a yi faɗa da ita, so ne ya sa take neman mafita a inda ta sani. A ce mata addu'a da tofi ana ci gaba da yi, asibiti ma ana zuwa, ɗaya bai hana ɗaya ba. Amma ɓoye yaro a bayan labule ba shi da wani tushe a addini. Abdullahi ɗan Ummi Maktum makaho ne, a kansa aka saukar da farkon Suratu Abasa, ya yi ladanci a masallacin Manzon Allah (SAW), kuma an sha bar masa riƙon Madina idan an fita. Amru ɗan Jamuhu yana ɗingishi ya fita Uhudu. Ba a ɗaki aka ajiye su ba.

Abin da ke damuna shi ne masallatanmu. Kowa ya tashi gini sai ya ɗaga shi sama ya jera matakala. Na ga wani bawan Allah ya bar kekensa a waje, ya sa silifa a hannu, ya ja jiki ta wurin alwala duk ruwa da laka, kafin ya kai sahu rigarsa ta jiƙe. Buhun siminti nawa zai ci a yi gangara a ƙofa ɗaya? Mu 'yan kwamitin masallaci wannan namu ne, ba na gwamnati ba.

Mai_Walda_ƘofarƘaura:
Allah gafarta Malam, ka taɓo inda ke mani ƙaiƙayi. Akwai masallacin da ya fi kusa da shagona, na bar shi ina zuwa mai nisa saboda wannan kawai.

Mai_Farar_Sanda:
Ni makaho ne, wayata ke karanta mani abin da kuke rubutawa. Ƙyanda ce ta tafi da idanuna ina ƙarami. Na yi makarantar makafi nan Katsina, na koyi rubutun makafi, na ci gaba har na yi NCE.

Na yarda kada a sa yaron nan a baro. Amma na ji ana saurin yin tir da bara, to a yi a hankali. Akwai dattawan makafi da suka aurar da 'ya'ya, suka biya kuɗin makarantar jikoki da wannan ƙoƙon, saboda ba a buɗe masu wata ƙofa ba. Ni da takardata a hannu na je neman koyarwa a wata makaranta, mai makarantar ko duba takardun bai yi ba, ya zaro kuɗi ya danƙa mani ya ce Allah ya ba mu haƙuri. Sadaka ya ba ni, ni kuwa aiki na je nema. Wanda zai hana bara ya fara amsa wannan.

Sannan Likita, tsarin nan da kika ce an ƙaddamar a Abuja, ƙasar Hausa ba ta rasa tushenshi ba. Muna da Sarkin Makafi, da Sarkin Guragu, da Sarkin Kutare, da fadawansu. Suna sasanta aure, suna haɗa kuɗin jinya da na likkafani, sun san kowane nasu da inda yake kwana. Duk mai son yin aiki da mu ya tsallake su, ya yi asarar hanya.

Ɗan_Gobarau:
Malam, ban ƙi taka ba, amma ba wannan tsarin ne ya ware ku gefe ba? Unguwa daban, sarki daban, aure a tsakaninku. Ni a ganina shi ya sa mutane ke ɗauka cewa ɗan makaho jagora zai zama, ba ɗan makaranta ba.

Mai_Farar_Sanda:
Akwai gaskiya a ciki. Amma ba mu muka ware kanmu ba, ware mu aka yi, muka haɗa kai don mu rayu. Maganar ɗan jagora kuwa ita ta sa na koyi sanda. 'Ya'yana duka suna makaranta, ba wanda ke ja na.

Lauya_DRA:
Tunda an ambaci hukuma, bari a san abin da doka ta ce. Akwai dokar hana nuna wariya ga masu naƙasa ta 2018, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019. Wanda ya nuna wa mutum wariya saboda naƙasarsa, tarar naira 100,000 ce ko ɗaurin wata 6 ko duka biyun, kamfani kuwa naira miliyan 1. Dokar ta ce ma'aikatun gwamnati su yi ƙoƙarin ba masu naƙasa aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki, a ba su fifiko a layi, ta kuma ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara hanyoyin shigarsu. Wa'adin ya cika tun Janairun 2024. A 2020 aka kafa hukumar kula da masu naƙasa ta ƙasa. Kuma Hajiya ki faɗa wa maƙwabciyar nan cikin lalama: dokar ta haramta yin amfani da mai naƙasa wajen bara ko yawo da shi ana neman sadaka.

Bakatsinen_Asali:
To Barista, wa'adi ya cika, ka zagaya ofisoshi da bankuna ka ƙirga matakala. Maganata ta farko ke nan.

Lauya_DRA:
Ban musa ba. Amma dokar da ba a san da ita ba, ba mai neman haƙƙinsa da ita. Malam Mai_Farar_Sanda da ya san yana da abin riƙewa ranar da aka danƙa masa sadaka, da maganar ta canza. Akwai kuma haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu naƙasa ta ƙasa, JONAPWD, koke ta hannun ƙungiya ya fi na mutum ɗaya nauyi.

Amaryar_Rafindadi:
Don Allah a daina cewa gurgu da makaho da naƙasasshe. Yanzu "masu buƙata ta musamman" ake cewa.

Mai_Walda_ƘofarƘaura:
Ƙanwata na gode da kara. Amma ni ki kira ni gurgu ba ya mani ciwo, sunan abin ke nan a Hausa. Wanda ke mani ciwo shi ne a kira ni mai buƙata ta musamman a lasifika, sannan a yi taron a bene.

Mai_Farar_Sanda:
Ni abin da na fi so a duba shi ne karin maganarmu. "Aikin banza, makaho da waiwaye." "Da haka muka fara, kuturu ya ga mai ƙyasfi." Yaro yana tashi da su a baki, kafin ya haɗu da makaho na farko ya riga ya san abin dariya ne.

Ɗiyar_Kusugu:
Ina so in dawo da mu kan tambayar Hajiya, kai yaro wani wuri ko barinshi gida, don ni na ɗanɗana duka biyun. Daga Daura nake. Ɗiyata sanƙarau ya kama ta tana shekara 4, ta tashi amma ji ya tafi. Muka kai ta makarantar kurame ta kwana. Ba zan ɓoye ba, ta amfana ƙwarai: tana karatu, tana rubutu, ta sami ƙawaye, ta daina yawan fushi.

Amma ranar da ta dawo hutun farko, ta zauna tana ba ni labari da hannu, sauri take yi tana murna, ni kuwa ko ɗaya ban gane ba. Alamun makaranta daban, 'yan alamun da muka saba yi a gida daban. Da ta lura ba na fahimta sai ta sauke hannuwanta a cinya ta yi shiru. Wallahi daren nan ban yi barci ba. Ta koyo harshe, gidansu ba mai jin shi. Sai da na nemi wata kurma babba a unguwarmu tana zuwa koya mana maganar hannu ni da ƙannenta bayan la'asar. Babanta har yau 'yan kalmomi kaɗan ya iya.

Saboda haka makaranta ta musamman tana da amfani, ga ta makafi a Katsina ga ta kurame a Malumfashi. Amma ko an kai yaro, ba a sauke nauyi ba, gida zai dawo.

Malamar_Firamare:
Ni kuma bari in faɗi gaskiyar aji. Ana cewa a haɗa su da sauran yara, na yarda da haka har zuciyata. Amma ajina yara sun haura 90, ni kaɗai. Na taɓa samun wani yaro mai sanduna biyu, kaifin kai gare shi, shi ke zuwa na ɗaya a lissafi. Ya daina zuwa. Da na bi sawu gidansu, ashe ban-ɗaki ne matsalar, ba ya iya tsugunno a masai, kuma yana jin kunyar faɗa. Kujera mai huda a tsakiya kafinta ya yi mana aka ɗora kan ramin, ya dawo. Da ban je gidan ba da mun rubuta shi cikin waɗanda suka gudu.

Tsohuwar_Nas:
'Ya'yana, ni na yi ritaya, amma bari in tuna maku Babbar Ruga da ke kan hanyar Batsari. Asalinta asibitin kutare ce. Dakta Kees ɗan ƙasar Holan aikin kuturta ya kawo shi a 1983, daga baya ya koma gyaran mata masu yoyon fitsari, har wurin ya zama cibiyar ƙasa ta wannan aiki. Abin da duk wanda ya yi jinya irin wannan ya sani shi ne, warkar da jiki ya fi mayar da mutum cikin danginsa sauƙi. Kuturta ana warkewa, maganin kyauta ne, wata 6 ko 12 ake sha, kuma da an fara sha mutum ya daina yaɗa ta. Amma a sallami mutum ya koma garinsu, a ware masa ƙwarya, a ƙi sayen abin da ya taɓa. Shi ya sa da yawa suka gwammace zama kusa da asibiti har ƙarshen rayuwarsu. Haka matar da aka ɗinke, ta koma ta tarar an sake ta.

Uban yaron nan da ke neman inda za a ajiye shi, ku tambaye shi a hankali: ajiya zuwa yaushe? Ina jin gajiya ce da kunyar mutane ke magana a bakinsa. A samu dattijon da yake jin nauyi ya zauna da shi.

Bakatsinen_Asali:
Mama, na ji wannan. Amma har yanzu ba a amsa mani ba: uwar fa? Duk abin da Likita ta lissafa, kujera, ciyarwa, miƙa gaɓoɓi, a kan mace ɗaya zai sauka, wadda aka ce ko suna ba ta zuwa.

Uwar_Gwarzuwa:
Malam Bakatsine, a nan ka fi kowa gaskiya, kuma ni ce zan amsa maka don ni ke ciki. Ɗiyata shekararta 11 da irin wannan lalura. An ce mani 'yar ruwa ce, har aka ba ni shawarar in kai ta bakin gulbi in bar ta wai za ta koma inda ta fito. An ce ni na jawo. Bayana ya ƙage saboda goyo. Akwai ranar da na shiga ban-ɗaki na yi kuka don kada ta gani.

Abin da ya taimake ni, a layin asibiti na haɗu da wasu mata masu irin yaran, muka karɓi lambar juna. Yanzu mu 5 ne. Muna yin kamar adashi amma na lokaci: ranar Talata biyu su riƙe yaran duka a gida ɗaya, sauran su je kasuwa ko unguwa ko su yi barci kawai, mako mai zuwa a juya. Muna kuma zuba ɗan abin da ya samu don kuɗin Keke Napep ranar asibiti. Ba mu da suna, ba mu da ofis. Ɗiyata yanzu tana cin tuwo da hannunta na hagu, tana nuna bokiti in tana son wanka. Wani ba zai ga girman wannan ba, ni shekara 3 na yi ina jiran shi.

Hajiya, ki ce wa ƙanwarki ba ita kaɗai ba ce. Kuma ke da kanki ki ɗauke mata rana ɗaya a mako, kafin a yi maganar unguwa.

Ɗan_Gobarau:
Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 1 cikin 6 a duniya na da wata naƙasa. In haka ne ba unguwar da babu irin gidan nan, labule ne kawai ya rufe. Ga kuma waɗanda harin 'yan bindiga da haɗarin babur suka raba da ƙafa ko hannu da girmansu. Me zai hana mai unguwa da liman su san gidajen, kamar yadda aka bi gida-gida lokacin rigakafin shan inna?

Mai_Gashi_KT:
Wannan shawara ce mai kyau. Matan da suka yi aikin rigakafi sun san kowane lungu, da taimakonsu aka kai ga ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan inna a Agustan 2020, kodayake rigakafin bai ƙare ba. Da za a koya wa irinsu gane yaron da wuyansa bai tsaya ba a wata 4 zuwa 5, ko jaririn da aka haifa da tanƙwararriyar ƙafa, wadda ake gyarawa da filasta cikin 'yan makonni idan an zo da wuri, da an rage da yawa. Amma sai an biya su, a nan ina tare da Malam Bakatsine.

Amaryar_Rafindadi:
Ni fa tsorona rubuta sunaye. An sha zuwa a rubuta, a ce za a kawo tallafi, shiru. Mutane sun gaji.

Gwaggon_Yara:
Jama'a na dawo, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa ƙanwata duk abin da kuka rubuta, wurin maganar Uwar_Gwarzuwa sai da na dakata don kuka take. Mun je asibiti an nuna mata miƙa gaɓoɓi. Kafintan bakin layinsu ya yi kujerar, sai dai ta ɗan yi mashi faɗi, muna cusa matashi a gefe. Jiya bayan la'asar na ɗauke shi da kujerar na ajiye a zaure, ƙofa a buɗe. Yara suka taru suna kallo, ɗaya ya tambaye ni ko yana cizo. Na ce ya zo ya gaishe shi. Kafin magariba wata yarinya ta kawo mashi murfin kwalba tana jera mashi a kan katakon yana turewa suna dariya.

Uban ya dawo ya same mu a haka, bai ce komai ba ya wuce ciki. Ban san ko fushi ba ne ko me. Kakar kuma har yanzu tana kan maganar ƙauye. Na ɗauki ranar Alhamis, ni zan riƙa wuni da shi.

Tsohuwar_Nas:
Shirun uban kada ya karya maki gwiwa. Amma maganar dattijon da zai zauna da shi kada a bari ta kwana.

Bakatsinen_Asali:
Allah ya sa albarka. Ni dai ina nan kan bakana, ranar da yaron nan zai buƙaci makaranta da magani na kullum, gwaggo da kafinta ba za su isa ba.

Mai_Walda_ƘofarƘaura:
Hajiya, in Likita ta amince, zan iya yi wa kujerar ƙafafu da mariƙi a riƙa tura shi har islamiyya. Ki auna mani faɗin ƙofar zauren da faɗin kujerar. Akwai tudu ko kwata a bakin ƙofar?

Gwaggon_Yara:
Akwai kwata, kuma ba a rufe take ba. Gobe in sha Allahu zan auna duka in turo maka.